Sunan da Na Haɗa wa Arzika

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagona kuna cajin waya, na ji abin da kuke faɗa. Wai Malam Ladan banza yake ci, abin da yake yi ko ɗan firamare zai iya: ka buɗe waya, ka rubuta abin da kake nema a akwatin bincike, ka danna. Ban yi fushi ba. To, na ɗan yi. Shekara goma sha biyar ke nan ina wannan aiki a Wurno, kuma dannawar ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsa. Abin da ya fi yawa tsoro ne. Bari in faɗa muku inda na samo shi, in ya so ku ci gaba da dariyarku.

A Sakkwato na koyi aikin, a wani shagon intanet kusa da tasha, a hannun Malam Sambo. Tsohon mai buga tafireta ne a wani ofis, sai da furfura ta fito masa ya koyi kwamfuta, shi ya sa har ya bar aikin bai taɓa yarda da ita ba. Aikin farko da ya ba ni, wani malamin makaranta ne ya zo neman maganin tsutsar da ke cin ganyen albasa. Na rubuta, na danna abin da ya fara fitowa, na buga a takarda, na miƙa ina ta washe baki. Malam Sambo ya tare takardar kafin ta kai hannun mai ita. Ya duba samanta, ya duba ƙasanta.

"Wa yar rubuta wanga?" in ji shi. "Yaushe? Wace ƙasa shike?"

Ban san ko ɗaya ba. Ashe wani mai shafi ne a ƙasar da ake ƙanƙara, maganin ma ba a sayar da shi a nan. Mako guda cur ya hana ni taɓa abin da ya fito a farko. Sai na gangara ƙasa, sai na shiga shafi na biyu da na uku, sai na kawo masa abu uku da suka yarda da juna kuma ba kwafin juna ba ne. Shi ya nuna mini yadda ake kulle jimla da 'yan alamomin nan biyu don injin ya nemo ta daidai yadda take, da yadda ake ce masa ya cire wata kalma, da yadda ake tambayarsa abin da aka rubuta a wata kaza kaɗai. Kuma shi ya saya mini babban littafi mai baƙin bango, irin na rajistar makaranta, ya ce duk shafin da na yi aiki da shi in rubuta shi a ciki, don kwamfuta tana mutuwa.

Na dawo gida da kwamfuta ɗaya, da firinta, da ƙaramin janareta mai tari, da modem da nake ɗaurewa a kan gora in miƙa ta saman kwano kafin ya kama sabis. Ku da kuka tashi kuka tarar da intanet a aljihu ba za ku gane ba. Bayan 'yan shekaru sai waya ta cika gari, kowane saurayi da ya iya haɗa jimla biyu ya buɗe shafinsa, abin nan da ake kira bulog. Wannan yana kawo labarin Goronyo, wancan farashin kasuwar Achida, wani wa'azi, wani siyasa, wani kuwa duk abin da ya gani a shafin maƙwabcinsa. Injin bincike zai kawo maka su duka a jere, tsaf. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne wanne ya je wurin da ƙafarsa, wanne yana kwance a ɗakin uwarsa yana kwafa.

Nan aikina ya samu. Na raba su folda uku a kwamfuta. Ta farko na sa mata suna Masu Gani da Ido. Ta biyu Masu Kwafe. Ta uku Masu Dafa Nasu, wato waɗanda in labari bai zo ba sai su ɗora tukunya. A baƙin littafi kuwa, kowane shafi yana da layinsa: sunan shafin, sunan mai shi, ɗan wa ne, garinsu, sai gida na ƙarshe da na rubuta wa "wanda yake jin maganarsa." Wani uwarsa ce, wani kawunsa, wani malamin da ya yi masa saukar karatu. Mutane suna ganin wannan gida suna dariya, suna cewa Ladan ya koma mai unguwa.

Na tuna wata mata daga Magarya, ɗanta direba ne a hanyar Goronyo. Ta shigo ba ko sallama, wayar maƙwabcinta a hannu, an nuna mata hoton mota tana cin wuta, an ce a hanyar ne da safen nan. Irin motar ɗanta ce, har launin. Na duba sunan shafin, na ga yana folda ta uku, amma ban ce mata komai ba, don maƙaryaci ma wata rana yakan faɗi gaskiya. Na ɗauki hoton na ba injin ya nemo mini inda ya taɓa fitowa. Sabis yana ja, ita tana tsaye a kaina tana salati, ni ina addu'a a zuci, domin in ya fito sabo ne, ni zan faɗa mata. Ya fito. Hoton shekara uku ne, daga wata jiha can daban. Ta zauna a ƙasa, a kan simintin nan da kuke zubar da ɓawon gyaɗa, ta yi kukan da ta zo da shi.

Irin wannan ya sa na fara ganin kaina wani abu. Masu shafukan suka riƙa zuwa suna tambayata me ya sa labarinsu ba ya fitowa in an bincika. Ni kuwa na baje musu ilimi. Na ce ku daina rubuta "wani bawan Allah," injin bai san bawan Allah ba. Ku sa suna, ku sa sunan uba, ku sa gari, duka a kan labari, ku maimaita a ciki, ku maƙala a ƙasa wurin laƙabi. Suna, uba, gari. Na faɗi wannan ya fi sau ɗari, ina jin daɗin bakina.

A lokacin ne Arzika ya zo. Manomin albasa ne daga Tungar Arɗo, wani ɗan ƙauye a bayan Shinaka, mutum mai faɗin kafaɗa da dariya tun daga ƙofa. Shekarar ta yi masa kyau, ya cika rudu huɗu, wato rumbun kara da ake ɗagawa bisa itace a ajiye albasa ta sha iska har farashi ya tashi.

"Ladan," in ji shi, "so nike a sa ni cikin waya. Mutanen kudu na sayen albasa hannun dillalai, ba su san mai noma ba. In sun gan ni, sai su kira ni kai tsaye."

Na rubuta Arzika a akwatin bincike na juya masa allon. Arzika mai shayi, Arzika ɗan dambe, Arzika kansila, ba iyaka. Na ce in na sa shi a haka ya nutse.

"Mi as sunanka na yanka?"

"Abubakar. Amma tun da anka yanka ragon ba wanda yak kira ni da shi, ko innata."

"Babanka fa?"

"Dikko, Allah shi jiƙanai."

Na haɗa: Abubakar Dikko Tungar Arɗo. Na bincika, babu kowa a duniya mai wannan suna. Na ce masa ga gona sabuwa fil, kai kaɗai ne a ciki. Ya maimaita sunan sau biyu yana dariya, ya ce kamar na ɗan majalisa. Ranar Juma'a na bi shi ƙauye na ɗauke shi hoto, da babbar rigarsa ta Salla da malfa, rudu huɗu a bayansa. Na rubuta labarin da hannuna, na ba wani yaron kirki daga folda ta farko ya sa a shafinsa. Cikin mako biyu masu kwafe suka kwashe, ni kuwa ina murna, don yawan kwafi shi ke tura suna sama. Masu saye suka fara kira. Arzika ya aiko mini da rabin buhun albasa, na buga masa labarin a takarda mai sheƙi, ya sa a gilashi ya rataye a zaure.

Shekara biyu bayan haka muka shiga muguwar shekara. Ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyuka, hukuma ta katse sabis a duk yankinmu don a toshe musu hanyar magana. Wurno, Rabah, Goronyo, waya ta koma fitila da rediyo. Shagona ya mutu murus. Ina buɗewa ne kawai don kada a ce na rufe, in yi hoton fasfo ɗaya ko biyu in koma gida. Mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota ya nufi Sakkwato, kuma kowa ya san abin da hanya take ciki.

Wata Talata da hantsi wata dattijuwa ta shigo, ta ja ƙofa ta rufe da kanta. Hajiya Kulu ce, yayar Arzika, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami. Ta ciro abu daga cikin hijabi ta ajiye a tebur. Gilashin nan ne na zaure.

"Sun ɗauke Arzika shekaranjiya da sahe, bakin rudu, shi ɗai," in ji ta. "Mun aika musu ta bakin mai shiga tsakani, mun ce ɗan ƙwadago na, gadi shikai, albasar ba tashi ta ba. Sun ce za su bincika. In sunka iske ƙarya mukai, ba su sake magana da mu."

Na san abin da rashin magana yake nufi, ita ma ta sani, ba wanda ya faɗa.

"Na ɗauka mutane za su tambaya," ta ci gaba, "mutanenmu kau ba mai hwaɗi. Sai ɗiyata tac ce, Inna, ba mutane za su tambaya ba, waya za su tambaya. An ce suna hawan dutse su kama sabis na Nijar. Ladan, kai kas sa shi ciki. Kai za ka hidda shi."

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Shekaru ina koyon yadda ake sa abu ya fito, ban taɓa zama na koyi yadda ake ɓatar da shi ba. Na zare takardar daga gilashi na ƙona ta a bayan shago, na taka tokar. Na ɗauki ƙaramar kwamfuta da baƙin littafi na tura su cikin buhun gero rabi, na ɗaure baki.

Littafin nan ya fi kwamfutar ba ni tsoro a hanya. Sunayen mutane ne a ciki, da na iyayensu, da garuruwansu, da lambobinsu. In jami'an tsaro suka buɗe, za su ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. In ɓarayi suka buɗe, za su ce na hukuma ne. Na shiga motar Sakkwato. Duk inda direba ya sassauta, sai kowa ya miƙa wuya yana duba gaba. A wani shinge aka soki buhuna da sanda, ta wuce littafin da ɗan yatsa biyu.

Zauren Malam Sambo na nufa. Ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar aikin tuni, amma kunne yana nan. Na faɗa masa komai, na kunna kwamfuta, na rubuta sunan da na haɗa. Shi ne na farko, da hoto, da malfa, da rudu huɗu. Aikina ya yi kyau ƙwarai, Allah wadai. Na ƙirga shafuka biyar.

"Biyat?" in ji Malam Sambo. "Kai kana nema kamar mai son shi gama shi tashi. Nemi kamar kai kan nuhe shi da sharri."

Na koma. Na ɗauki jimla guda daga tsakiyar labarin na kulle ta na bincika, sai ga biyu da suka canza kan labarin suka bar cikin. Na ba injin hoton, sai ga wani da ya sa shi a labarin farashi. Na rubuta sunan ƙauyen yadda mai gaggawa zai rubuta shi, ba ƙugiya, a haɗe, sai ga na ƙarshe. Tara. Na jera su a bayan littafi, kowanne da layinsa.

Ga inda wahalar take, ku saurara da kyau. Ba zan iya faɗa wa kowa dalili ba. A shekarar nan ba ka san wa yake magana da wa ba. In na ce a cire don an ɗauke mutumin, kafin la'asar wani daga folda ta uku ya mayar da shi sabon labari, da hoton, da sunan. Don haka sai na ce kawai mai hoton ne ba ya so. Yaron kirkin da na fara ba shi ya cire nan take, bai tambaya ba. Uku da ke zaune a birni suka cire bayan 'yar magiya. Na biyar ya ce atabau, wai labarin ne ya fi kawo masa masu karatu, in ina da ƙorafi in rubuto a rubuce. Na buɗe littafi, na bi layinsa zuwa gida na ƙarshe. Kawunsa ne, limamin wani masallaci a cikin gari. Na je na durƙusa, na ce Malam, rai ne a ciki, kada ka tambaye ni na wa. Bai tambaya ba. Kafin a kira la'asar labarin ya ɓace, har yaron ya bugo yana ba ni haƙuri.

Uku suna ƙauye, inda babu sabis, ba kira ba saƙo. Sai da na bi su da ƙafa, biyu a Goronyo, ɗaya a Achida, na sa su a mota na kawo su gindin wata darbejiya a bakin birni inda sabis yake fara kamawa, suka cire a gabana, na mayar da su. Kwana huɗu ina bin hanyar nan, safe da yamma. Matata ta daina tambayata ina za ni, sai dai ta tsaya a ƙofa har in sha kwana.

Saura ɗaya. Shafin wani saurayi ne, Mansur, daga Rabah, ɗan folda ta biyu. Na duba layinsa sai na ga na ja masa jan biro tun bara. Ciwo ya yi na kwana uku ya rasu. Shafin yana nan a buɗe, mai shi yana kabari, kuma a nan hoton ya fi fitowa tangaram. A gida na ƙarshe na rubuta: uwarsa, Inna Ige.

Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na gaishe ta, na yi mata gaisuwar rashin da ban zo ba a kan lokaci, sannan na tambayi wayar. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon sha mai murfi. Wayar tana ciki, naɗe a ɗankwali. Ta ce duk Juma'a takan aika a yi mata caji, ba don komai ba, don ta ga fuskar ta yi haske. Na ce ina son in tafi da ita birni in dawo da ita gobe.

"A'a, ɗana," in ji ta. "Wagga ba ta barin hannuna."

A nan ne na karya dokata. Na duba ƙofa, na rage murya, na faɗa mata gaskiya duka, mutumin, da yayarsa, da ƙaryar da aka yi don a cece shi. Ta dubi kwanon.

"Shina da ɗiya?"

"Shida, Inna."

"To tashi mu tahi. Ni ka riƙe ta, kai ka taɓawa."

Tsohuwar da ba ta taɓa ganin Arzika ba ta shiga motar da maza ke tsoron shiga, kwano a cinya. A gindin darbejiya na kunna wayar, sai ta nemi zanen sirri, irin wanda ake ja da yatsa. Na janye yatsana, don in aka yi kuskure da yawa kullewa take yi. Inna Ige ba ta karatu, amma ta ce ta sha ganin yatsansa yana yi. Ta ɗora nata, ta ja sama, ta ja gefe, ta gangaro. Ta buɗe. Na haɗa ta da sabis ɗin wayata, sai saƙonnin wata da watanni suka fara zubowa, wayar tana ta ƙara tana rawa a tafin hannunta.

"Wa ka kiranai?" ta tambaye ni.

Na ce abokai ne da ba su ji ba. Ta ce Allah sarki, ta gyara riƙo. Shafin yana buɗe a ciki, Mansur bai fita ba kafin ya kwanta ciwo. Na nemo labarin. Maɓallin share labari ɗaya da na share shafin gaba ɗaya ba su da nisa da juna. Na karanta sau uku kafin na danna. Ta ce in nuna mata sauran labaran suna nan, na gangara mata ƙasa tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa, sannan ta naɗe wayar ta rufe kwano.

Za ku ce an gama. Na koma akwatin bincike na rubuta sunan, sai ga kan labarin da ƙaramin hoto suna nan daram. In ka danna ba ya buɗewa, amma injin bai manta ba tukuna. Wannan babu uwa babu kawu da za a je wa. Na cike takardar neman a goge, tara, ɗaya bayan ɗaya, na koma gida. Duk bayan kwana biyu sai in sake shiga mota in je in duba. Yau saura shida, jibi saura huɗu. Hajiya Kulu takan zo shago ta zauna, in ɗaga mata yatsu, ta tashi. Rana ta goma sha ɗaya na rubuta sunan, injin ya ce bai sami komai ba.

Sai da aka yi wata biyu da kwanaki kafin ɓarayin suka sako Arzika. Yadda aka yi da abin da aka bayar ba nawa ba ne in faɗa. Ban je gaishe shi ba, kunya da tsoro suka hana ni. Bayan an dawo da sabis, wata rana da azahar, sai ga shi a ƙofar shago. Da ƙyar na gane shi. Kafaɗun sun tafi, yana jan ƙafar hagu, dariyar nan ta ƙofa babu ita. Ya zauna a bencin nan naku.

"Bincika man sunan nan," in ji shi.

Na rubuta, na juya masa allon. Babu komai. Ya ce ɓarayin sun riƙa hawan dutse da waya, babbansu yana cewa a buɗe masa labarin ya gani da idonsa, abin ya ƙi buɗewa, daga baya ma ya ɓace. Abin da ke hannunsu ɗan hoton fuskar waya ne da wani ya tura musu, malfa ta rufe rabin fuska. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa rigar maigida ya ara. Ƙarshe babban ya gaji ya ce an kawo masa mai gadi.

Na ji wani sanyi ya sauko mini, har na fara cewa alhamdu lillahi, ashe wahalar ba ta tafi a banza ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, a hankali, ba da faɗa ba:

"Ran da sunka zo, ina duƙe ina juya albasa. Guda na riƙe da waya shina karantawa. Ba Arzika yac ce ba, Ladan. Cewa yay yi, Abubakar Dikko Tungar Arɗo. Ni kau sai nid ɗaga kai."

Duk ƙauyensu ba mai kiransa da wannan suna, ba a katin zaɓensa yake ba, ba a bakin dillali yake ba. A tebur ɗin nan aka haɗa shi, ni na jera shi, suna, uba, gari, ina yabon kaina.

Shi ya sa in manomi ya zo yau ya ce in sa shi a waya, nakan rubuta sunansa in juya masa allon, in tambaye shi wa da wa yake so su same shi, wa kuma ba ya so. Da yawa sukan ɗauki hularsu su tafi, ku kuma ku ce Malam Ladan yana korar ciniki.

Arzika bai tashi nan da nan ba. Ya ce in goge wancan in rubuta Arzika kawai. Na rubuta. Suka zubo kamar da, mai shayi, ɗan dambe, kansila, ba iyaka. Ya sa na gangara har ƙasa, shafi na biyu, shafi na uku, yana duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya, babu tasa.

"To, bar ni nan," in ji shi.

Ya dafa benci ya miƙe, ya ja ƙafarsa ya fita.